Shekarar da Na Yi Kiwon Ɓera

A gidanmu ni ce mai boko, ni ce kuma mai baki. Ƙauyenmu yana arewa da Dogarawa, sai an sauka daga kwalta an hau amalanke ko babur kafin a kai. Daga lakwal ɗin garin, wato makarantar firamare, na wuce Malbaza, daga nan Konni, har na dangana da jami'a a Yamai. Duk inda na je bakina yana gaba da ni, kuma mutanen gida sun saba. Inna takan ce da a ce ana daka hatsi da magana, da ni kaɗai na ciyar da unguwa.

Shekarar da na shiga digiri na biyu, aikin da aka ba ni shi ne kiwon ɓeraye. Farare ne, mata zalla, masu jajayen idanu, a wani ɗaki mai warin dusa da fitsari a bayan labo, wato ɗakin bincikenmu. Malaminmu, wani dattijo mai ƙarancin magana, yana so mu gani da idonmu yadda gidan ƙwan mace yake lalacewa idan sinadarin maza ya yi yawa a jikinta. Hormon ake ce wa sinadarin. Aka raba ɓerayen kashi biyu tun ba su balaga ba. Kashi ɗaya nakan yi musu allurar man riɗi kawai, ɗayan kuma man riɗin da aka narka hormon a ciki, kullum da safe, a ƙarƙashin fatar ƙeya.

Ɓera ba ta jinin wata irin namu, amma tana da nata zagayen na kwana huɗu ko biyar. Kowace safiya nakan ɗebi ɗigon ruwa daga gaban kowace, in shafa a gilashi, in duba a mikiroskof, madubin nan mai ƙara girman abu. Daga abin da na gani nake sanin ranar da take a zagayenta. Aiki ne na ƙazanta da cizo, amma ina son sa, don a karo na farko ina ganin abu da kaina ba a littafi ba.

Ina cikin wannan aiki Sallar layya ta zo, na bar wa abokiyar karatuna allurar na tafi gida kwana uku. Gwaggo, yayar mahaifinmu, ita ce ungozomar garin, kuma ni da ita ba mu taɓa rabuwa ba tare da mun taɓa juna ba. Da ta ji irin aikina sai da ta ajiye ludayin fura.

"Shekara ashirin ana kai ɗiya lakwal," in ji ta, "ta ƙare ga kiwon kusu! Mu nan kashe su muka yi, ke kina ba su abinci. Halan can birni cin su aka yi?"

Na ce mata in ta yi haƙuri zan kawo mata ɗaya ta yi layya da shi baɗi. Aka yi dariya, Yaya ta fi kowa, tana riƙe da cikinta.

Yaya ta girme ni da shekara shida. Ita ta goya ni, ita take yi mini kitso har na tafi Konni, ba ta kuma taɓa shiga aji ba. Ta yi aure a cikin gari, mijinta manomin albasa ne, mutum mai sanyin hali. Shekara huɗu ba ta haihu ba. Al'adarta ma tun tana budurwa sai ta ga dama take zuwa, sau biyu ko uku a shekara. Sai wata shekara ta ɗauke gaba ɗaya, jikin Yaya ya yi nauyi, Gwaggo ta danna cikin da tafin hannu ta ce an samu. Wata tara ya wuce, goma ya wuce, shiru. Ana nan wata ranar kasuwar Dogarawa jakin amalankensu ya firgita ya zura da gudu Yaya tana ciki, washegari Yaya ta ga ɗan jini kaɗan. Gwaggo ta ce ai magana ta fito: tsoro ne ya taɓa yaron, cikin ya kwanta.

Kwantaccen ciki ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Kowa ya san wata, ko ya ji labarin wata, da cikinta ya kwanta shekara biyu ko huɗu, sannan ya tashi ta haife shi lafiya. Ba a gaggawa da shi, lallashinsa ake yi. A waccan Sallar, na Yaya yana shekara uku.

Dole in faɗi abin da cikin nan ya yi mata, don a lokacin ban lissafa shi a bakin komai ba. Kafin ya zo, in an je suna Yaya tana can wajen tukwane, kuma mata sukan rage murya in ta matso ana hirar goyo. Da ya zo, sai ta koma tsakiyar tabarma. A hanya mata na gaishe ta da "Ina nauyi?" ita kuma ta amsa tana sunkuyar da kai. An hana ta jan guga da babban turmi. Mijinta ya daina tafiya bida, wato cin rani, bayan kaka kamar sauran mazan garin, ya ce ba zai so yaron ya tashi ba ya nan. Gwaggo tana ɗura mata fura da sukari da kunu mai kauri don yaron ya sami ƙarfin motsi, ga rubutu, ga saiwoyi. A cikin wata kwalla Yaya ta tara ƴan riguna da ta ɗinka da hannunta. Wani lokaci takan dafa cikin ta ce, "Malalacin ga, kowa ya tashi shi shina kwana." Murnar da ke fuskarta in ta faɗi haka ba ta ƙarya ba ce.

Ranar da zan koma na same ta da hantsi a bayan ɗaki, da guntun madubi da matsefata, tana cire gashi a haɓarta. Wuyanta kuma ya yi baƙi ta baya kamar ba ta cuɗawa, alhali Yaya ta fi kowa wanka. Gwaggo ta ce gemun alama ce ta ɗa namiji. Na yi dariya na ce to Allah ya sa kada ya fito da nasa. Ko a raina ban kawo komai ba.

Da na koma labo, ɓerayen hormon sun fara bambanta da ƴan uwansu. Sun yi ƙiba. Zagayensu ya rikice, sannan ya tsaya cak: abin da na gani a gilashi jiya shi zan gani yau, shi zan gani gobe. Bayan kamar mako uku da fara allura muka ba su maganin barcin da ba a tashi, muka buɗe su. Gidan ƙwan ɓera bai kai ƙwayar wake ba. Aka yanka shi siriri-siriri, aka rina, aka ɗora a gilashi.

Na waɗanda aka yi wa allurar man riɗi zalla abin sha'awa ne. Ga ƙananan ƙwai, ga matsakaita, ga wanda ya kusa fita, ga kuma wani dunƙulen tabo da ke nuna inda ƙwai ya riga ya fasa ya fita. Na ɓerayen hormon kuwa ramuka ne, zagayayyu, cike da ruwa. Kowane ƙwai ya fara girma, ya kai rabin hanya, ya tsaya. Bangon ciki ya siraice, babu wanda ya fashe, babu tabon fita ko ɗaya. Gidan ya cika maƙil amma ba abin da ya fito daga cikinsa.

Malam yana tsaye a bayana yana bayani a hankali. Ya ce akwai mata da yawa masu irin wannan matsala: al'ada ta riƙa ɗaukewa, jiki ya yi nauyi, gashi ya fito a haɓa, wani lokaci fatar wuya ta yi duhu, haihuwa ta yi wuya. Idona yana kan madubin, amma Yaya nake gani a bayan ɗaki da matsefata. Zan so in ce tausayi ne ya fara kama ni. Ba shi ba ne. Daɗi na ji, irin na ɗalibar da ta riga kowa sanin amsa. Malam ya ƙara da cewa mu yi hattara, ɓera ba mutum ba ce, nasu mu muka sa musu da allura, na mata kuwa har yanzu ba a gama sanin mafarinsa ba, kuma mace ba gilashi ba ce da za a duba a ajiye. Wannan ɓangaren ya shiga ta kunnen nan ya fita ta wancan.

Bayan kaka na sami hutu na tafi gida da shirina. Na san in na faɗi gaskiya Gwaggo za ta hana, saboda haka na bi ta bayan gida. Na ce wa Yaya akwai wata na'ura a Konni, eko ake ce mata, tana nuna yaro a ciki kamar a tele, mu je mu ga irin kwanciyar da ya yi. Ban yi mata ƙarya kai tsaye ba, da wannan na riƙa kare kaina shekaru.

Kwana uku tana shiri. Ta yi lalle, ta yi kitso, ta ciro zanen da ba ta ɗaurawa sai biki. Mijinta ya kai mu bakin kwalta a amalanke yana tafiya da jakin a hankali saboda ita. A cikin mota, kafin mu kai Malbaza, ta riga ta ba matar da ke kusa da ita labari duka. A Tsarnawa da aka tsaya ana sauke buhunan albasa ta juyo gare ni.

"Ana ganin huska tai?"

"Mu dai tai, Yaya."

"In namiji na, ana ganewa?"

Na ce ana ganewa, na kau da kai ina kallon masu tallar rake.

Wani ƙaramin asibitin kuɗi ne a cikin gari. Likitar mace ce, mutuniyar yamma, Hausarta a karye amma hannunta da taushi. Ta kwantar da Yaya, ta shafa mata wani mai sanyi a ciki, Yaya ta yi dariya ta ce ko wannan sanyin kaɗai ya isa ya ta da shi. Likita ta ɗora na'urar tana jujjuyawa. Ni na iya kallon hoton kaɗan. Mahaifar ga ta nan, ƙarama, wayam. Da ta gangara gefe sai ga gidan ƙwan, ya kumbura, da baƙaƙen ɗigo jere a bakinsa kamar carbi. Ta koma ɗaya gefen, haka nan.

Likita ta dube ni ta ce da Faransanci, ƙasa-ƙasa, mu bi ta a sannu, ta ga alamar matar nan ta daɗe tana jira. Ban bari ta rufe baki ba. Na matsa gaban allon na sa yatsa.

"Yaya, diba nan. Nan a mahaihwa, kin gani babu kowa. Ba ciki na ba, bai taɓa zama ciki ba. Waɗanga baƙaƙen ƙwai na da sun ka hwara girma sun ka tsaya. Shi as sa al'ada ta ɗauke, shi as sa gemu, shi as sa ƙiba. Irin shi nig gani ga kusana, ɓerayen nan nawa, sak!"

Har yau ina jin muryata a ɗakin nan. Da ƙarfi na yi maganar, kuma da zaƙi. Likita ta yi mini wani kallo da ban manta ba.

Yaya tana kwance, zane a ƙasan cibiya, man yana ƙyalli a cikinta. Ba ta yi kuka ba. Ta ce wa likita, "A sake dibawa, ƙila ya ɓoye ta baya." Baiwar Allah ta sake, ta bi ko'ina a hankali, har sau biyu, tana nuna mata. Sannan ta ba ta tsumma ta goge. Yaya ta tashi zaune ta gyara ɗaurinta, ta dube ni.

"Kusan naki, wa yas sa musu ciwon?"

"Ni."

"Sun samu sauƙi?"

Na ce ba a yi musu magani, buɗe su ake yi a ga yadda abin yake.

"To," in ji ta, "ai kin gani."

Likita ta zaunar da mu ta yi bayani mai kyau. Ta ce ba ƙarshen duniya ba ne. A rage sukari, a koma aiki da tafiya, akwai ƙwayar da ke dawo da al'ada, akwai wadda ke taimaka wa ƙwai ya fita, kuma mata da dama masu wannan matsala suna haihuwa. Na karɓi takardar magani. Tun daga tashar Konni har Dogarawa ina maimaita wa Yaya wannan magana kamar rediyo. Ita kuwa tana kallon karan gero a gonaki, hannuwanta masu lalle a kan gwiwa, ba a kan ciki ba.

Da ta roƙe ni in rufa, ina jin da na rufa. Ba ta roƙa ba. Muna shiga gida, Inna da Gwaggo suka taso suna tambayar yadda ya kwanta, ta ce musu, "Babu kowa." Gwaggo ta yi kaina. Ta ce ƙarfen annasara ba ya ganin abin da Allah ya ɓoye, ta ce na kai ɗiyar mutane an buɗe mata ciki gaban baƙuwa, ta ce ita ta karɓi haihuwata kuma tun ran nan ta san bakina zai yi ɓarna. Ni ma ban raga mata ba. Na ce furarta da sukarinta su suka ƙara wa Yaya ciwo, shekara uku tana kiwon cuta tana kiranta yaro. Inna ta zauna a bakin murhu tana share hawaye. Muna cikin wannan sai muka ji sakwatawa. Yaya ce ta ɗauki babbar taɓarya, da zanen bikinta a jiki, tana surfen gero.

Washegari ta ɗauki guga ta tafi rijiya. Wata maƙwabciya ta fara "Ina nau..." ta haɗiye sauran. Kafin kwana biyu gari ya ɗauka. Ba wanda ya shigo gidan, don ba wanda ya san abin da ake faɗa a irin wannan. In mace ta yi ɓari ana zuwa sannu. In jariri ya koma ana zuwa gaisuwa, a zauna a tabarma, a ce ya haƙuri. Wannan kuwa ba shi da suna. Yaya ta kwashe ƴan rigunan cikin kwalla ta aika wa wata mai jego a ƙarshen unguwa. Mijinta ya ce haka Allah ya so, bai ɗaga mata murya ba, amma ya riƙa daɗewa a waje. Kafin hutuna ya ƙare na ji yana maganar motar Abijan da abokansa.

Ranar da zan koma Yamai ta raka ni wajen amalanke, tana ɗauke da jakata a ka kamar yadda ta saba tun ina makarantar lise. Mun kusa kaiwa ta tsaya.

"Shekara ukku ina ɗauke da shi," ta ce. "Ina yi mai magana. Ba wanda yaz zo. Ko ke ba ki ce mini ya haƙuri ba."

Na gaji. Mako guda ina faɗa da Gwaggo, kowa a gidan yana kallona kamar na yi kisa, kuma a ganina ni kaɗai na yi mata abin kirki. Sai bakin nan nawa ya riga ni.

"Haba Yaya, wa yam mutu? Ba wanda yam mutu. Ki sha maganinki kawai."

Ta ce, "Haka na." Ta sauke jakar ta miƙa mini.

Na rubuta kundina, da hotunan gidan ƙwan ɓerayen a ciki, masu kyau ƙwarai. An yaba. Yaya ta sha ƙwayar wata huɗu ko biyar, al'ada ta dawo, ta rame kaɗan. Ta taimakon ƙwai kuwa ba ta da amfani tunda mijin yana can Abijan, zuwansa kuma sai ƙara nisa yake yi. Daga baya ta daina shan komai. Har yau ba ta haihu ba. In an yi suna a garinmu za ka same ta wajen tukwane, ta fi kowa iya tuwon taro.

Ban yi nadamar cewa ta sani ba, kuma ko gobe ba zan ce mata ciki ne ba. Ciwon yana iya jawo na sukari, ya kamata ta sani. Abin da ke cina shi ne daɗin da na ji, da lallen da na bari ta yi, da maganar bakin amalanke. Sai da na fi shekara kafin in yarda cewa Yaya ta yi rashi na gaske, ko da babu gawa, kuma abu ɗaya ta roƙa a wurina, wanda bai fi kalma biyu ba.

Da na gane, sai na tafi gida musamman. Na je gidanta da safe, na same ta a tsakar gida tana sheƙar gero. Na cire takalmi a bakin ƙofa, na lulluɓe kaina, na durƙusa a gabanta yadda muke yi a gidan rasuwa.

"Yaya, ya haƙuri?"

Ƙwaryar ta kusa suɓuce mata. "Innalillahi! Wa yar rasu? Inna ta?"

Ta dube ni, ta dube ni, ina kallon fuskarta har lokacin da ta gane. Tsoron ya sauka, wani abu bai maye gurbinsa ba.

"Tashi, ƙanwata, kar ki ɓata zanenki," in ji ta. "Ke kin ka ce ba wanda yam mutu, kuma ke ad da karatu."

Ta ɗaga ƙwaryar ta ci gaba da sheƙa. Na zauna nan har rana ta take, ta dama mini fura na sha, ta tambaye ni hanya da aiki. Ba ta sake ta da maganar ba, ni kuma da duk bakina ban san ta inda zan kama ba.